Shekarar da Na Sa Aka Sare Atile

Bitrus, Hannatu, Lami, na rubuta muku labarin ƙuruciyata da makarantun da na koyar, da yadda na auri mahaifiyarku Rifkatu, duk ban sha wata wahala ba. Wannan babi kuwa sau uku ina fara shi ina yage takardar. Ya shafi gonar atilenmu ta ƙauye a ƙasar Kagoma, ya shafi yayana Yakubu wanda kuke kira Baba Babba, ya kuma shafi wani abu da kuka tashi da shi a zuciya kuna ɗauka gaskiya ne, alhali ba haka ba ne. Ku yi haƙuri ku bi ni daga tushe.

A bayan gidan da aka haife mu akwai wani tsohon itacen atile wanda duk yankin suka sani da sunan atilen Mama. 'Ya'yansa dogaye ne, baƙaƙe wuluk, namansu da kauri, in aka jiƙa su a ruwan ɗumi suka yi laushi sai ka ga mai yana tasowa a bakin kwano. Mu yara in mun cinye naman sai mu fasa ƙwallon da dutse mu ci ɗan farin da ke ciki. Da itacen ya fara rami a gindi, Mama ta gane kwanansa ya ƙare, sai ta shiga tara iri. Ba ta ɗaukar wanda ya faɗo ƙasa da kansa. Takan sa a tsinko mata daga reshe, ta ci ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gamshe ta ta ajiye ƙwallonsa, saura ta bar wa jikoki su fasa. Waɗanda ta ajiye ta zuba su a ruwa, duk wanda ya taso sama ta yar, wanda ya nutse ta shanya a inuwa, ta adana cikin toka a wani ɗan gora. Kaka biyu tana wannan aiki, abin da ta tara bai cika tafin hannu huɗu ba. Ta rasu kafin damina ta uku. Goran ta danƙa wa Yaya, ta ce mu shuka tare, kada ɗaya ya ce nasa ne.

Ku san wanene Yaya. Shekara shida ya ba ni. Lokacin da mishan suka buɗe makaranta kusa da mu, Baba ya ce yaro ɗaya kawai zai iya saki daga gona. Yaya ne ya ce a tura ni, wai kaina ya fi nasa saurin kama abu. Ya zauna yana noman citta da doya da acca, ni na zama malami, daga baya hedimasta a Kafanchan. Hausarsa har yau ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a bakinsa, har Mama. Da maganar shuka ta taso, fili mafi kyau a gonar gado ya ware, wanda ya gangara zuwa rafi, inda cittarsa ta fi yin kauri. Muka jiƙa ƙwallayen, muka binne su a gwangwanayen madara da na tattaro daga gari, muka jera a ƙarƙashin rumfa. Kusan wata uku ba abin da ya leƙo, har na fitar da rai. Yaya dai kullum da safe yana yayyafa musu ruwa. Talatin suka tsiro.

A wannan shekarar ce muka rasa Talatu, wadda ke tsakanin Bitrus da Hannatu. Watanta bakwai, baƙon dauro ya ɗauke ta cikin kwana biyar. Mahaifiyarku ta daina magana, ta daina zuwa zumuntar mata, sai na kai ta ƙauye ta huta wajen matar Yaya. Ranar dashe ta biyo mu gona ba wanda ya kira ta. Ta ɗauki gwangwani ɗaya, ta hau can saman gonar kusa da wani falalen dutse, ta haƙa rami da hannunta ta dasa. Ba mu tambaye ta dalili ba. Duk ranin nan ita ta riƙa ɗebo ruwa daga rafi a ka tana ba shi, ta kuma shayar da sauran. Da muka koma Kafanchan ta fara cin abinci sosai. Tun daga nan kowace Kirsimeti, kafin ta ajiye jaka ta gaisa da kowa sosai, sai ta wuce gona ta tsaya a gindin wannan itace na ɗan lokaci ta dawo.

Shekara tara atile yana girma bai yi fure ba. A cikin shekarun nan ni aikina baki ne. A ofishin malamai, a ƙofar majami'a bayan sujada, duk wanda ya tsaya sai ya ji labarin gonar da na kafa da zaɓaɓɓen iri, da yadda za mu riƙa tatsar man atile muna kaiwa har Kaduna. Wanda ya kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki, wanda yake share ciyawa ya yi wa gonar iyaka duk rani don kada wutar daji ta shiga, Yaya ne. Huɗu sun mutu, ashirin da shida suka tashi. Da suka yi tsawo inuwa ta rufe ƙasa, cittar da yake shukawa a tsakaninsu ta ƙi yin kai, dole ya koma wani fili mai tsakuwa. Gidansa ya ji wannan a tukunya, amma bai taɓa kawo mini ƙara ba.

A shekara ta goma suka yi fure gaba ɗaya. Na je na gani, ƙudan zuma ya cika gonar da ƙara, na dawo na ƙara wa labarina gishiri. Da furen ya kaɗe sai gaskiya ta fito. Goma sha ɗaya ne kawai suka ɗaure 'ya'ya. Sauran goma sha biyar sun zubar da furensu sun tsaya haka nan, ganye kawai. Atile yana da mace da namiji, kuma ba mai iya ganewa daga ƙwallo ko daga dashe, sai ranar da ya yi fure. Na san ana faɗin haka, amma na ɗauka tunda Mama ta zaɓi irin daga uwa mai kyau, duk za su biyo ta. Labari ya riga ni isa gari. Ranar Litinin ina shiga ofis wani abokin aikina ya ɗago kai daga rajista.

"Hedimasta, ya gonar gwauraye?"

Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi. Amma sunan ya manne. A kasuwa, a wajen mai gyaran babur, har wani dattijon ikilisiya sai da ya tambaye ni yaushe zan yi wa gwaurayen aure. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, kuma ban iya a yi mini dariya ba. Ba yunwa ce ta tura ni ba, ba kuma wata bukata ba. Kunya ce kawai.

Bayan damina ta ɗauke, wata Asabar, na ɗauki ragowar jan fentin da aka shafa wa ƙofofin makaranta, na hau babur na tafi ƙauye. Na ce wa mahaifiyarku zan je duba Yaya. Na same shi yana tone doya. Na gaya masa na yi magana da masu injin katako, za su zo Asabar mai zuwa su kwantar da mazan duka, su ɗauki itacen a bakin aikinsu, ƙasa ta samu rana ya koma shuka cittarsa. Na jera masa maganar kamar don shi nake yi. Ya dogara da fartanyarsa ya saurare ni har na gama.

"Ayuba, Mama ya ce atile ba ya haihuwa shi kaɗai. Ka bar ko kaɗan."

"Maganar tsofaffi ce, Yaya. Me namiji zai ba mu in ba inuwa ba?"

"Ban sani ba. Amma duk inda na ga atile ya yi 'ya'ya da yawa, akwai wani kusa da shi wanda ba ya yi."

Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna ta bakina yake ɗaci.

"Yaya, ni na yi karatu. Ka bar mini wannan."

Ya kalle ni, ya kalli ƙasa, ya goge hannunsa a wando, ya biyo ni. Na riƙa bin itatuwan ina shafa wa kowane namiji jan kuros, irin wanda nake sa wa yara a takarda in sun faɗi lissafi. Muka hau har saman gonar. Itacen da ke kusa da falalen dutse ya fi duka tsawo da kyau, kuma ko ɗa ɗaya babu a jikinsa. Na tsoma buroshi. Yaya ya riƙe mini hannu.

"Wannan na Rifkatu ne. Ka tambaye shi tukuna."

Na ce zan tambaye ta, na shafa. Kwana bakwai ina gida da ita, muna cin abinci a kwano ɗaya, muna addu'ar safe tare, ban buɗe baki ba. Na san abin da za ta ce, kuma na ga in na bar ɗaya saboda ita, Yaya zai ce a bar wasu saboda Mama, in koma inda na fito. Ranar Asabar masu injin suka iso. Kafin su tayar da shi Yaya ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ta yarda. Na dube shi ido cikin ido na ce ta yarda. Daga sama suka fara. Ina tsaye itacen Rifkatu ya kwanta, ƙaro yana tsatsowa fari daga kututturen, ƙamshinsa ya cika wurin. Da rana ta yi tsaka na ce ina da taron iyayen yara, na bar su suna aiki na tafi.

Kirsimeti ta zo muka tafi ƙauye mu duka. Bitrus yana da shekara goma sha biyu, zai iya tuna ranar. Mahaifiyarku ta ajiye jaka ta nufi gona kamar kullum. Na ga tafiyarta, ban bi ta ba. An kawo mana tuwo da miyar karkashi muna ci a tsakar gida, ni da Yaya da ku yara, sai ga ta ta dawo, ɗankwalinta a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a gaban Yaya, abin da ba ta taɓa yi ba, don kullum durƙusawa take yi in za ta yi masa magana.

"Yaya, wa ya sare itacen Talatu?"

Ranar ce farkon da na ji ta kira itacen da wannan suna. Yaya ya juyo ya dube ni. A wannan kallon ya gane ƙarya na yi masa. Ya ba ni lokaci, na rantse muku ya ba ni lokaci, har sai da shirun ya yi tsawo. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina juya loma a cikin miya. Sai na ji muryarsa.

"Ni ne. Ni na kira masu inji. Ka yi haƙuri, Rifkatu."

"Katako ya fi maka 'yata?"

Washegari da sassafe, ranar Kirsimeti kanta, ko sujada ba mu tsaya ba, ta tattara ku muka koma Kafanchan. A mota Bitrus ya tambaye ni me ya sa Baba Babba ya yi haka, na ce masa yaro ba ya shiga maganar manya. Wannan amsar ita ce ƙarya ta biyu, kuma ita ce ta daɗe.

Shekara uku mahaifiyarku ba ta taka ƙauye ba. Kowace kaka Yaya yakan aiko da buhun atile da galan na mai, ta ce a mayar. Ni ina zuwa ni kaɗai, mu zauna da shi mu yi maganar ruwan sama da farashin taki, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. A cikin shekarun nan ne na haɗu da wani malamin gona a wajen biki, na ba shi labarin gonar ina taƙama da yadda na kawar da mazan. Ya ajiye cokalinsa ya tambaye ni ko duka na sare. Ya bayyana mini cewa ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin furen namiji ya kai wa macen, in babu namiji kusa, fure zai yi ta zuba a banza. Ya yi mamaki da na ce har yanzu suna haihuwa. Washegari na tafi gonar na bi ta itace bayan itace. Can ƙasa a bakin rafi, cikin duhuwar gora inda ban sauka ba ranar yanka, na tarar da maza uku a tsaye. A jikin kowanne akwai tabon inda aka kankare ɓawo da wuƙa. Duk man atilen da ya shiga gidanmu daga baya, wanda Lami take ɗauka ta kai wa ƙawayenta a makaranta, daga waɗannan ukun ya samo hanya. Na sami Yaya na ce masa na ga abin da ya yi. Ya ce to. Na so in ci gaba, sai ya tashi ya ce bari ya duba awaki.

A shekara ta huɗu matar Yaya ta yi rashin lafiya, mahaifiyarku ta ce zumunci ya fi fushi, ta je jinya. Ta yi mako biyu ta dawo da buhun atile a bayan mota. Daga nan komai ya koma daidai tsakaninta da Yaya, har ta fi da girmama shi. Na ɗauka lokaci ne ya yi maganin abin, na gode wa Ubangiji, na ƙara rufe bakina. Ku kuwa ba ku koma daidai ba. Kun riga kun ji abin da kuka ji a tsakar gida, kuka girma kuna gaishe shi da baki kawai. Ina gani. Duk shekara nakan ce bana zan faɗa, sai in ga kamar tono tsohon ciwo ne.

Sai da ciwon ƙarshe ya kwantar da ita, shekara biyu da suka wuce, na faɗa mata. Da hantsi ne, na gama ba ta kunu, Hannatu ta fita sayo magani. Na ce ina da abin da zan roƙe ta gafara a kai, na fara daga fenti. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Malam, na sani. Tun lokacin jinyar nan."

Ta ce wata safiya ta je buɗe wa kaji, sai ta ga ƙofar akurkin ɓallin katako ce mai ɓawo, irin wanda masu inji ke yarwa, da jan kuros a jiki. Ta ce shekara nawa tana ganin wannan kuros a takardun da nake dubawa a tebur, da 'yar wutsiyar da nake ja masa a ƙasa. Yaya kuwa bai taɓa riƙe alƙalami ba. A ranar ta je ta durƙusa a gabansa ta nemi gafara, shi kuma ya roƙe ta kada ta kunyata ni a gaban 'ya'yana. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa yi mini magana ba duk shekarun nan.

"Ina jira ka kawo da kanka. Ka daɗe, Malam, amma ka kawo. Na yafe. Saura yara. Ba ni na shafa ba, ba ni zan goge ba."

Na yi mata alkawari. Ta rasu bayan kwana tara, kuma ban cika ba. Ranar jana'iza kun ga abin da ya faru. Bayan an fito daga majami'a Yaya ya taso da sandarsa, idonsa ya riga ya fara dushewa, yana lalube ya miƙa wa Bitrus hannu. Bitrus ya juya ya ci gaba da magana da fasto. Hannun dattijon ya tsaya a iska har jikarsa ta kama shi ta mayar da shi kujera. Ina zaune taku biyar daga wurin. Bitrus, ban rubuta wannan don in ɗora maka laifi ba. Abin da na koya maka ka yi. Kai kana kare mahaifiyarka da ƙanwarka ne daga mutumin da ka ɗauka ya ci amanarsu, kuma mutumin yana nan a wurin, sai dai ba shi ne ka juya wa baya ba.

Watan jiya na ɗauki ɗan acaba daga Kafanchan na tafi ƙauye. Na sami Yaya a ƙofar ɗakinsa yana ɓare gyaɗa, ya gane ni daga tarina. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ba a kujera ba, na faɗi duka daga farko har ƙarshe, har da maganar karatu. Ya bar ni na gama, hannunsa bai daina aiki ba. Na tambaye shi me ya sa ya ɗauki abin a kansa ranar nan.

"In ya yi fushi da ni, zai koma gari ya huce. In ya yi fushi da kai, ina zai koma? Ga yara ƙanana."

Na ce masa ina rubuta muku komai a takarda. Ya yi dariya har gyaɗar ta zube daga cinyarsa.

"Takarda kuma! Ayuba, kai dai ba ka canja ba. Rubuta, amma ka kira su su zo. Ina so in taɓa fuskar Bitrus kafin in tafi, an ce ya yi furfura."

To, ga shi na rubuta, kuma ina kiranku. Asabar ta farko bayan makarantu sun tashi hutu zan kasance a ƙauye tun safe. Bitrus, in ka bar gidanka na Sabon Tasha a Kaduna da wuri ka biya ka ɗauki ƙannenka, za ku iso kafin rana ta karkata. Abin da kuka karanta a nan zan sake faɗinsa da bakina a tsakar gidan nan, a gabanku da gaban 'ya'yansa, kowa ya ji. Bayan haka duk abin da kuka ga ya dace ku yi da ni, ku yi. Da zan taso na gaya wa Yaya kada ya sa rai da yawa, don ban san ko za ku zo ba. Ya ce shi dai ya riga ya sa jikarsa ta ware zakara biyu, tana ba su dawa.